Alat ya shigo, mun ruga wurin mai POS: matasan Tambuwal da Kebbe da harkar banki ta waya

Masu saurarenmu na cikin garin Tambuwal, da na Dogon Daji, Sanyinna da Jabo, da 'yan uwanmu na Kebbe, Kuchi da Margai, da waɗanda neman halal ya kai Legas, Fatakwal ko Abuja, duk ina gaishe ku. Kamar kullum, wanda datarsa ba ta isa ya saurari murya ba, ga shirin a rubuce.

Yau ni kaɗai ne, babu baƙo. Maganar kuɗi za mu yi, kuɗin cikin waya. Zan fara da abin da ya faru da ni, don har gobe idan na tuna sai na ji kunya.

Watan Fabrairun 2023 ne, lokacin canjin kuɗi. Kun tuna dai. Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoban 2022 cewa zai sauya takardun naira 200, 500 da 1000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi an kwashe, sababbi ba su wadata ba. Mutum na da kuɗi a banki, amma kokon safe ya gagare shi.

A wannan tsakanin matar kawuna ta kwanta asibiti, haihuwa ta zo da gardama. Kawu manomin shinkafa ne, bai taɓa buɗe asusu ba. Ya fito da buhu shida, aka samu mai saye daga wajen Jega, amma mutumin ya ce ba shi da tsabar kuɗi sai dai taransfa. Kawu ya ce, "Kai yaro, ni kuɗɗi nika so, in gani in ƙilga. Ban san wanga abu ba." Ni kuwa ɗan boko, na gama jami'a a Sakkwato, kaina na hayaƙi, na ce, "Kawu kwantar da hankalinka, a turo ta asusuna, minti ɗaya ne."

Mutumin ya tura a gabanmu. Ya nuna min wayarsa, an cire masa kuɗin. Ni kuma shiru. Muka jira rabin awa, shiru. Na ce sabis ne, zai shigo. Da bakina na ce a loda shinkafa, motar ta tafi.

'Yan uwa, kwana tara. Reshen da na buɗe asusun tun ina ɗalibi yana Sakkwato, kusan kilomita ɗari daga nan. Sau biyu ina zuwa, a lokacin da kuɗin motar ma sai an sha wuya. Zuwan farko ko ƙofa ban shiga ba saboda cunkoso. Na biyu na cika fom, aka ce in je in jira. Ashe kuɗin sun yi ribas sun koma wurin mai sayen. Allah Ya sa mutumin kirki ne, da ya gani ya sake turowa. Amma kafin nan Kawu ya sayar da awaki biyu a wulaƙance don ya biya asibiti.

Bai yi min faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, ban ce ka ci kuɗɗina ba. Amma in mutum yar riƙe min kuɗɗi, na san ƙohwar gidan ubanai. Wanga da yar riƙe su kwana tara, ina gidansu?"

Ban da amsa a ranar. Kuma da na zauna na lura, sai na ga mu matasan da muke yi wa dattawa dariya, tambayar nan ita ce a zuciyarmu.

Ku duba majalisarku yau da dare. Kusan duk mai babbar waya yana da asusu, wani biyu, wani uku: ɗaya na banki, ɗaya na OPay, ɗaya na PalmPay ko Moniepoint. To amma me ke faruwa idan alat ya shigo? Ko minti goma ba a yi, mutum ya miƙe ya nufi rumfar mai POS, ya cire duka, ya bar naira ɗari biyu. Ya yarda ya biya caji, ya cusa kuɗin a aljihu. Asusun namu mazurari ne, kuɗi na bi ta ciki su wuce. Tulun da ake ajiya har yanzu aljihu ne, ko ƙarƙashin katifa, ko tunkiya a bayan gida.

Don haka idan na ji ana cewa matasan karkara ba su karɓi bankin waya ba saboda rashin wayewa, sai in ce mai maganar bai zauna da mu ba. Yaron da ya iya gyara bidiyo ya ɗora a TikTok, taransfa ba za ta gagare shi ba. Mun karɓa, amma rabi da rabi, kuma akwai dalilai.

Mu fara da abin da ya shigo da mu. Gaskiya ba talla ba ce, dole ce. Canjin kuɗin nan ya koya wa mai shayi, mai nama da mai kabu-kabu karɓar taransfa cikin sati biyu, abin da shekaru goma na wayar da kai ba su yi ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, tsaba ta dawo sannu a hankali, amma lambobin asusun da aka manna a jikin shaguna ba a cire su ba.

Sai 'yan ci-rani. A da, wanda ke aiki a kudu sai ya jira wani ɗan garinsu zai taho gida ya ba shi saƙo, ko ya ba direba. Yanzu yana turowa Inna na karɓa kafin la'asar. Ɗan bautar ƙasa alawus ɗinsa ta asusu yake zuwa. Ɗalibin da ya samu bashin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a watan Mayun 2024, naira 20,000 ɗin da ake ba shi duk wata ta asusu take zuwa. Ga kuma hanya. Duk wanda ke bin hanyoyin yankinmu ranar kasuwa ya san abin da nake nufi. Ɗan kasuwar da ya sayar da shanu ko albasa ba ya son ya kamo hanya da damin kuɗi a cikin riga.

Duk da haka muna baya. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan mutane a Najeriya ba sa cikin kowane irin tsarin hada-hadar kuɗi. A Arewa maso Yamma kuwa kashi 47 ne, kusan rabi ke nan. Wato a yankinmu, cikin mutum biyu ɗaya yana inda Kawu yake.

To me ke riƙe mu?

Abu na farko sabis ne. A cikin gari da dama-dama. Amma ka shiga ƙauyukan Kebbe, akwai inda sai ka hau tudu ko ka je gindin wata bishiya da kowa ya sani kafin kira ya shiga. Kira ma ke nan, balle taransfa. Kuma ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Ba ina jayayya da dalilin ba ne. Ina cewa ne duk wanda ya ga haka ya koyi darasi ɗaya: kuɗin cikin waya ana iya wayar gari ka kasa taɓa su, ba tare da ka yi laifin komai ba. Ƙara da wuta. Wanda sai ya biya a yi masa cajin waya a shago, wayarsa na mutuwa bankinsa ya rufe.

Na biyu, caje-caje. Mutanen birni suna raina wannan. A ƙa'idar da Babban Banki ya fara aiki da ita a 2020, an sa kuɗin taransfa daga banki zuwa wani banki naira 10 idan kuɗin ba su wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 idan sun haura, ban da haraji. Akwai naira 50 ta gwamnati a kan taransfar da ta kai 10,000, wadda daga Disambar 2024 ta haɗa har da manhajojin da a da ba sa cirewa. Mai ƙaramar waya da ke danna lambobin USSD, irin su *894# ko *919# ko *737#, tun 2021 ake cajinsa naira 6 da kwabo 98, kuma a 2025 aka koma cirewa daga katin waya. A Janairun 2025 an amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ga kuɗin saƙon alat, ga na kati, ga na mai POS a sama.

Kowanne ƙarami ne. Amma ka ɗauki yarinyar da ke sayar da awara, ribarta a wuni ba ta taka kara ta karya ba. Idan ta ajiye dubu biyar ta dawo ta tarar babu naira sittin, kuma babu wanda ya yi mata bayani, a wurinta an taɓa mata kuɗi ne. Asusun ƙasa na gargajiya da ake fasawa da salla bai taɓa rage mata ko kwabo ba. Abin da na lura shi ne, mutane sun fi jin zafin cirewar da ba su gane ba a kan wadda aka faɗa musu tun farko. Mai POS yana cajin da ya fi na banki, amma yana faɗa maka ido da ido kafin ya danna, shi ya sa ba a jin haushinsa sosai.

Na uku, damfara. Wa ke saurarena da ba a taɓa kiransa an ce daga banki ne, an rufe BVN ɗinsa, ya karanto lambar da ta shigo ba? Wa bai ga saƙon tallafin ƙarya a WhatsApp ba, wai ka danna nan ka cika? Akwai alat na bogi, inda za a turo maka saƙo mai kama da na banki a ɗauki kaya a tafi. Akwai satar waya, a cire layi a kwashe asusu. Sannan akwai na kwaɗayi: MMM ya daskare da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ya rufe da na wasu a Afrilun 2025. Waɗannan ba bankuna ba ne, amma ta waya kuɗin suka bi, don haka a idon mai kallo duk kanwar ja ce. A gari irin namu mutum ɗaya aka cuta, kafin isha'i unguwa uku sun ji. Labarin taransfa dubu da suka tafi lafiya kuwa babu mai ba da shi.

Akwai wani tsoron da ba a cika faɗa a fili ba. Wasu suna goge saƙon alat da zarar ya shigo, wasu ba sa tafiya da babbar waya, don kada a tare su a hanya a ga abin da ke ciki. Wato wayar da ta raba ka da ɗaukar tsaba, ita ma tana iya tona maka asiri.

Na huɗu, takardu. BVN ta zo a 2014, ga kuma NIN, sannan aka ce a haɗa NIN da layin waya daga ƙarshen 2020. A Disambar 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN. Manufar mai kyau ce, don a san mai kowane asusu. Amma ku dubi yadda sunayenmu suke. A firamare an rubuta Muhammadu, a sakandare Mohammed, a NIN Muhammad. Wani sunan mahaifinsa ya sa a ƙarshe, a wata takardar kuma sunan garinsu, Jabo ko Dogondaji ko Tambuwal, kamar yadda muka saba a ƙasar Sakkwato. Ranar haihuwa kuwa rabinmu 1 ga Janairu aka haife mu, don wanda ya cika fom ɗin ita ta zo masa. Ranar da kwamfuta ta ga bambanci sai a rufe asusu, gyara kuma sai kotu, sai kuɗin mota, sai jira. Wanda ya ga abokinsa ya sha wannan, ya za a yi ya bar dubu ɗari a ciki?

Na biyar, addini. Da yawa suna gudun kuɗin ruwa, kuma wannan ba abin wasa ba ne a wurinmu. Asusun ajiya na bankunan da aka saba yana tara ruwa, wasu manhajojin ma suna da ɓangaren da ke ƙara maka wani abu kullum. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne akwai bankunan da ba sa harka da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, kuma suna da manhajoji. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba, kowa ya tambayi malaminsa. Amma ina ganin da malamanmu za su riƙa warware wannan dalla-dalla a wurin karatu, me ya halatta me bai halatta ba, da an rage zullumi. Akwai kuma abin da iyaye ke tsoro kuma suna da gaskiya: asusun nan shi ne ƙofar cacar ƙwallo, shi ne ƙofar manhajojin bashi masu tura wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci idan ka makara. Mun san yaran da alawus ɗinsu ke ƙarewa a daren wasan Firimiya.

Na shida, harshe. Yawancin abin da ke fitowa a allon wayar da Turanci yake. Muna da matasa masu kaifin lissafi, sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta ajami, suna juya dubban ɗaruruwa a kasuwa, amma idan saƙo ya fito yana cewa ciniki bai kammala ba, sai sun nemi mai karanta musu. To wanda zai karanta maka, ya ga balans ɗinka. Wani ma shi ke danna maka lambar sirri. Daga nan sirri ya ƙare.

Sai 'yan uwanmu mata, kuma ina so ku ba ni kunnenku a nan. Ku duba sitatus ɗin WhatsApp, su ne da turaren wuta, atamfa, kayan kicin, cincin, ɗinki. Kasuwanci suke yi sosai daga cikin gida. Amma ka ce za ka biya, sai a turo maka lambar asusu da sunan namiji: yaya, ƙane ko maigida. Wata ba ta da NIN, wata wayar ba tata ba ce, wata ba a bar ta ta je an ɗauki hoton yatsunta ba. Mu faɗi gaskiya, mu maza mun san abin da ke faruwa da kuɗin nan. "Na ɗan taɓa, zan mayar." Ranar zubin adashe ta zo, ita ke jin kunya. Idan kana son ƙanwarka ko matarka da arziki, ka raka ta ta yi NIN, ta buɗe nata da sunanta, lambar sirri kuma kada ka tambaya.

Duk abubuwan nan shida, idan ka bi su, suna komawa ga tambayar Kawu: idan abu ya lalace, wa zan kama? Sabis zai yanke, kuɗi za su maƙale, wannan ko a Legas yana faruwa. Bambancin shi ne ɗan Legas yana taka ƙafa ya shiga reshe. Ɗan Margai kuwa sai ya kashe wuni da kuɗin mota, ko ya kira layin da zai cinye masa kati ana sa masa kiɗa.

Shi ya sa mai POS ya ci kasuwa. Ɗan unguwa ne, mun san babansa, muna salla sahu ɗaya. Idan an cire ba ta fito ba, gobe yana nan ƙarƙashin lemarsa. A Kenya ma haka aka yi. M-Pesa da kamfanin Safaricom ya fara a 2007 da ƙananan wayoyi ya fara, abin da ya ɗaga shi kuwa wakilai ne a kowane lungu, masu shagunan da mutane suka riga suka sani. A nan ma MTN da Airtel sun buɗe MoMo da SmartCash a 2022 da irin wannan tunani. Mutum ba ya ba na'ura amana haka kawai, sai ya ga fuskar da ke tsaye a bayanta.

Yanzu ga abin da na sani yau wanda da na san shi a 2023 da ban jawo wa Kawu asara ba.

Kada ka saki kaya don an nuna maka rasit ko an ce an cire. Kada ma ka dogara da saƙon tes. Ka buɗe manhajarka ko ka danna lambar bankinka ka ga balans ya ƙaru da idonka. Idan bai shigo ba, kaya su kwana. Mai gaskiya zai jira.

Kafin ka tura, ka karanta sunan da ya fito, ka faɗa wa mai karɓa da baki ya tabbatar.

Babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka, ko lambar nan ta OTP da ake turowa, ko lambobin jikin katinka. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka. Kashe wayar kawai. Ka sa wa layinka kansa lambar sirri, kuma ka nemi lambar da bankinka ya ware ta rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta ta a takarda a gida tun kafin ranar tsautsayi.

Idan kuɗi suka maƙale, ka kai ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, ka ajiye rasit. Idan sati biyu suka wuce ba a warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Banki. Wannan haƙƙinka ne, ba alfarma ba ce.

Sannan ga masu tambayar idan bankin ya rushe fa? Akwai hukumar inshorar ajiya, NDIC. A watan Mayun 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan da ake kira maikurofainans. Ba a daɗe ba, ranar 3 ga Yunin 2024, aka soke lasisin bankin Heritage, kuma ta BVN aka bi aka riƙa biyan masu ajiya a wasu asusunsu. Don haka kafin ka zuba kuɗi a wata manhaja, ka duba tana da lasisin Babban Banki da inshorar NDIC? Idan abin da take maka alkawari shi ne kuɗinka za su ninka a wata ɗaya, ka gudu.

Ina da roƙo ga masu bankuna da manhajoji, idan Allah Ya sa wani cikinsu na ji. Mun gaji da rabon riga da hula ranar kasuwa don a buɗe asusu. Asusu mun buɗe. Ku ajiye mana mutum a Tambuwal, ku ajiye a Kebbe, ko ranar kasuwa kaɗai ne, wanda aikinsa karɓar ƙorafi da gyaran suna, mai jin Hausa, mai ikon warware matsala. Ku sa Hausa a manhajojinku da saƙonninku, har da murya don wanda ba ya karanta boko. Duk naira ɗaya da kuka cire ku faɗi ta mece ce.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu da 'yan majalisunmu, maganar turakun sabis da wurin yin NIN a mazaɓu maganar tattalin arziki ce, daidai take da taki da hanya. Ku sa ta a gaba.

Mu kuma matasa, musamman mu da muka yi boko, mu rage girman kai. Ni na yi, na ga sakamako. Idan dattijo ya ce bai yarda ba, ba duhun kai ba ne, lissafi yake yi da abin da idonsa ya gani. Masu POS, ku ne bankin garin nan, ku riƙe amana: ku juya kai idan mutum na danna lambarsa, kada ku karɓi katin kowa ku ajiye, ku ba da rasit ko ba a tambaya ba. Kowannenmu kuma ya zaunar da mutum uku a gidansu, ya koya musu duba balans da gane kiran ɓarawo. Rabin awa ya isa.

Za ku ce ina labarin Kawu yanzu? Yana nan lafiya, yaron da aka haifa lokacin yana ta gudu a tsakar gida. Bara da kansa ya ce in raka shi ya yi NIN, don ɗansa da ke Legas ya daina turo kuɗi ta hannun mutane. Ya buɗe asusu a 'yar ƙaramar wayarsa. Alat na shigowa yana tafiya wurin yaron maƙwabcinsa mai POS ya cire. Kwanaki na tambaye shi ko yana barin wani abu a ciki, ya ce, "Ina barin dubu biyu, in gani ko suna kwana." Na ce to suna kwana? Ya ce, "Har yanzu dai ba su ɓace ba." Shinkafa kuwa har gobe sai ya ƙilga kuɗinsa a hannu kafin a ɗaga buhu, kuma ni ban ƙara sa baki ba.

Ina so in ji daga gare ku. Nawa ne mafi yawan abin da ka taɓa bari ya kwana a asusunka da gangan, kuma me ya sa ba ka wuce haka ba? Wanda kuɗinsa suka taɓa maƙalewa, kwana nawa suka yi, ta wace hanya suka fito? 'Yan uwa mata, asusun da kike kasuwanci da shi sunan wa ke kai? Ku turo mana, amma don Allah kada kowa ya rubuto lambar asusunsa ko BVN. A shiri na gaba, in Allah Ya kai mu, zan zauna da masu POS mu ji nasu ɓangaren, don su ma suna da kuka.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya.